Jakin da Na Kai Sakkwato a Cikin Kaset

Tun da na dawo daga Sakkwato ban sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Ko aike aka yi mini sai wani ya tare ni a hanya: "Issufu, wai da gaske mutanen can da buta suke magana?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar ƙyauren ajinmu. Don haka na zauna na rubuta shi. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in wuce.

Bari in fara da abin da ya kai ni, ko da yake duk Ƙonni ta riga ta ji. A kwalejinmu akwai inji guda, ordinatar, wanda mutanen Najeriya ke kira kwamfuta. Ba shi da girma, kamar faranti ne mai maɓallai, ana jona shi da talabijin. Mushe Lawali, malaminmu na lissafi (mu can Mushe muke ce wa malamin boko), shi ya zo da shi, ya kafa mana kulob na ranar Laraba da yamma. Injin nan ba ya riƙe komai a kansa, da an kashe shi ya manta har sunansa. Duk abin da aka rubuta masa sai an zuba shi a kaset na rikoda, irin kaset ɗin da ake sauraren waƙa. Mushe ya rubuta mana wasan tseren mota, ya zuba a kaset guda, sannan aka yi masa canjin aiki zuwa can gabas mai nisa.

To, ranar da rediyo ke ba da kokawa, sai na so in ɗauko wa kakana na ƙauyen Bazaga muryar mai sharhi, don batir ɗin rediyonsa ya mutu. Na lalubo wani kaset a teburin kulob, ba rubutu a jikinsa, na danna jan maɓalli. Laraba ta zo, muka sa kaset muna jiran motar Mushe, sai ganga ta ɓarke, wani na ihu, "Ya kada shi! Ya kada shi!"

Darakta, shugaban kwalejin, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Ban taɓa sanin ƴan kulob na da yatsu da yawa haka ba sai da suka nuna ni. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Cewa ya yi ya riga ya gaya wa iyaye za su ga wasa a talabijin ranar bikin rufe lakwal, wato makaranta. In ba su gani ba, inji ya shiga kabad, ya sa kwaɗo, kulob ya mutu.

Sai na ɗaura ɗamarar rubuta nawa wasan. Mota ta gagare ni zanawa, na zana jaki da haruffa: kunnuwa biyu, ƙafafu huɗu, wutsiya. Aikinsa ya ruga daga hagu zuwa dama yana tsallake ramuka. Jaki ya fito tsaf, amma ya ƙi tafiya. Yana nan bakin hagu yana rawar ɗari, ya ɗaga ƙafa ya mayar, ya ɗaga ya mayar. Na roƙe shi, na zage shi, na karanta abin da na rubuta har idona ya yi ja. Ƴan kulob suka daina gaishe ni.

Kawu Hamidu, ƙanen innata, shi ya cece ni. Yana kai albasa Sakkwato a kamiyo, babbar motar kaya. Ya ce kusa da inda yake gyara rediyon motarsa akwai shagon da wasu ke taruwa ranar Asabar, "masu irin haukarka, har da tsofaffi." Inna ta yarda, bisa sharaɗin kada in rabu da gefen rigarsa. Na zuba jakina a sabon kaset, na naɗe shi a ƙyalle, na cusa a aljihun ƙirji.

Gaban mota ya cika, saboda haka aka ɗora ni bisa buhuna. Wanda bai taɓa zama kan albasa cikin rana ba bai san kuka ba. Kafin mu bar gari na zubar da hawayen da ya isa wanka. Wata tsohuwa a bakin hanya ta gan ni ta ce, "Allah sarki, ɗan nan ka yi haƙuri, duk mai rai mamaci ne." Na ce amin, don ban ga amfanin ɓata mata ta'aziyya ba.

Iyaka ba nisa, da ka fita Ƙonni ka kusa ganin Illela ta Najeriya, ba tamu ta hanyar Tawa ba. Nan aka sauko da mu. Wani jami'i mai ƙaton ciki da fara'a ya ga ina dafe da ƙirji kamar mai ciwon zuciya.

"Kai ɗan Faranshi, mi ka ɓoye nan?"

"Kaset ne, ranka ya daɗe."

"Waƙar wa?"

"Ba waƙa ba ce. Jaki ne."

Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi sama. Sai ya jawo rediyonsa ya ce bari mu ji kukan jakin. Ku da kuka san ƙarar kaset ɗin inji kun san abin da ya biyo baya. Wani tsiwwww ya tashi, kamar an taka wutsiyar kyanwa dubu a cikin garwa. Akuyoyi suka watse, mai sayar da rake ya yar da wuƙa, jami'in ya yi baya da kujera. Kafin ya kashe, rediyon ya tauna zaren kaset ya fara amayo shi waje.

A nan na yi kuka na gaskiya, ba na albasa ba. Mutumin nan kuwa ya rikice fiye da ni. Ya zauna ya zaro zaren a hankali da tsinken ashana, ya sa biro a ramin kaset ya naɗe mini shi, yana cewa, "Yi shiru, yi shiru, jakinka bai mutu ba." Har rake ya saya mini. Amma na ga inda zaren ya yamutse kamar goshin kakata, kuma daga nan har Sakkwato ban ƙara yi wa kowa surutu ba. Kawu ya ce bai taɓa jin daɗin hanya irin na ranar ba.

Muka sauka gidan mai masaukin Kawu, a wani zaure da direbobi ke kwana. Kowa ya shigo sai ya shinshina ya ce, "An fara miya ne?" Ni ne miyar. Na yi wanka har sau ban san adadi ba, ƙudaje ma suka ƙi ni.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne burodinsu. Mu namu dogo ne mai ƙarfi, in ya kwana kana iya korar ɓarawo da shi. Nasu kuwa taushi gare shi kamar matashin kai, ga zaƙi. Na matse guda a hannu ya koma ƙwallo, na sake shi ya ƙi dawowa. Mai shayi ya tsiyaya mini madara har na ce masa, "Malam, ba yaye ni za a yi ba." Hausarmu ɗaya da su, har ka manta ka tsallake iyaka, sai ka ce lakwal ko buro su kwashe da dariya su ce ka sake faɗa. Su ma in sun jefo Ingilishinsu ni na rama dariyar, ko da ban san abin da suka ce ba. Sannan akwai ƴan kabu-kabu, masu ɗaukar mutum a babur. Wanda ya kai mu shagon ranar Asabar ya bi da mu tsakanin tirela da amalanke, ta wurin da ko iska sai ta karkace. Na karanta duk addu'ar da na sani, har ta shiga bayan gida.

Shagon na Malam Bala ne, mai gyaran rediyo, gajere mai tabarau ɗaure da zare. Gaban shagon rediyoyi ne jibge ba hanji. Ta baya akwai rumfa, an jera talabijin a kan benci, kowace da injinta, mutane sun duƙufa. Kawu ya tura ni ciki ya ce zai dawo da la'asar.

Na san yadda ake yi wa mai tambaya a ajinmu: ka ɗaga hannu ka ce ba ka gane ba, sunan da za a laƙaba maka sai ya raka ka har aure. Ga shi waɗannan manya ne. Akwai wani dattijo mai furfura, Baba Audu, da ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Akwai wata nas, Anti Felishiya, mutuniyar kudu ce amma Hausarta ta fi tawa gishiri. Akwai kuma wani dogon ɗan jami'a, Nasiru, mai fuskar wanda aka tasa daga barci.

Na shirya jawabi tun daga Ƙonni, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Jakina ba ya tafiya."

Malam Bala ya ɗaga murya, "Jama'a, baƙo ya zo da matsala!"

Wallahi sai suka yi tafi. Na juya in ga ko wani babba ne ya shigo bayana. Baba Audu ya miƙe daga kujerar da yake kai, ita kaɗai ce mai makari a rumfar, ya ce, "Zamna nan, ɗana. Wagga kujera ta mai matsala ta. Tun da hantsi ni ka bisanta, na gode Allah da ka zo ka amshe ni."

Suka tambaye ni irin injinmu, na kwatanta. Anti ta ce ai ɗan'uwan nata injin ne, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ta jawo shi gabana. Na kwance ƙyalle. Da Malam Bala ya ga zaren ya ce, "Wa ya tauna wanga?" Na ba su labarin iyaka, suka yi dariya har Baba ya riƙe ciki. Daga nan Malam ya shimfiɗa wurin da ya yamutse a kan gilashi, ya riƙa goga shi da bayan cokali kamar mai shafa kan jariri. Aka sa a rikoda, inji ya ƙi karɓa. Aka rage murya, ya ƙi. Aka ƙara, ya ƙi. Ba wanda ya koma kan aikinsa, duk sun zagaye ni, kowa na ba da shawara. Ni dai na ga kabad ɗin Darakta ƙiri-ƙiri da kwaɗonsa. Can Anti ta ɗan murɗa wani ƙaramin noti a rikodar da tsinken gashinta, aka sake gwadawa, sai ga jakina a talabijin, yana rawar ɗarinsa.

"Kai, kyakkyawa ne!" in ji Anti. "Dubi kunnuwa. Kai ka zana da kanka?"

Tun da na fara wahalar nan ba wanda ya taɓa ce wa jakina kyakkyawa. Na ji kamar in ba ta shi kyauta.

Aka fito da rubutun a allo. Nasiru ya leƙo ta kafaɗata, kallo ɗaya ya yi ya ja tsaki. "Wannan ai ko ɗan firamare... Matsa in gyara maka." Ya miƙo hannu, Anti ta make shi da biro.

"Zauna kan hannunka, likitan gaggawa."

"Anti, abu ne na ƙiftawar ido!"

"Na ce zauna."

Ashe dokarsu ce. Mai taimako ba ya taɓa injin mai matsala. Sai ya sa tafin hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai, bakinsa kaɗai ke aiki, shi ma tambaya kawai. Haka dogon nan ya zauna kan hannuwansa yana mutsu-mutsu kamar mai jin fitsari a sahun gaba.

Sai Malam Bala ya shiga shago ya fito da wata tsohuwar butar ƙarfe, duk ta lotse, an zana mata idanu da farin fenti. Ya dire ta kan talabijin.

"Gaida Hajiya."

Na dube shi. Ba wasa a fuskarsa. Na ce, "Ina wuni, Hajiya."

"Madalla. To Hajiya ba ta san komi ba ga sha'anin inji, ba ta yi boko ba. Ka hwaɗa mata abin da kowane layi ka yi, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa. Kada ka tsallake ko guda, tana da saurin hushi."

Na ce a raina, Kawu ya yi gaskiya, gidan mahaukata ya kawo ni. Amma kowa yana jira, har Baba ya gyara zama. Ku da ba ƴan kulob ba, ku sani kowane umarni da ake ba inji yana da lamba, yana bin su a jere, sai in an ce masa ya koma baya. Na share murya.

"Hajiya, layi na goma, na ce a ajiye jaki a bakin hagu. Layi na ashirin, na ce a zana shi. Na talatin, ya matsa gaba taki ɗaya. Na arba'in, a duba ko akwai rami. Na hamsin, a koma layi na goma, a sake..."

"Hajiya ta manta," in ji Baba Audu. "Tsuhwa. Mi anka ce ga layi na goma?"

"Na ce a ajiye jaki a bakin..."

Na tsaya. Na dubi buta, buta ta dube ni. Ashe duk takin da bawan Allah ya yi, ni da kaina nake kamo shi in mayar da shi inda ya taso. Ba taurin kai gare shi ba, biyayya ce ta yi masa yawa. Na goge goma na rubuta ashirin.

Jaki ya zabura. Ya keta allo da gudu, ya faɗa ramin farko.

Rumfar ta kaure. Anti ta yi guɗa irin ta mutanensu, Baba ya ɗaga ni sama duk da tsufansa, Nasiru ya zaro hannuwansa yana yarfewa yana cewa, "Alhamdu lillahi, na kusa mutuwa." Muna cikin haka, ɗif, aka ɗauke wuta. Talabijin ta yi baƙi. Ban zuba gyaran a kaset ba.

Na buɗe baki zan yi ihu, na ga ba wanda ya damu. Malam Bala ya hura gawayi ya ɗora shayi. Anti ta ce, "Gyaran yana cikin inji ne ko yana cikin kanka?" Na ce cikin kaina. Ta ce, "To kanka a wuta yake aiki?"

Muna shan shayi kowa ya ba da labarin ranar da ya hau kujera mai makari. Baba Audu ya ce ya taɓa wuni yana buga rubutu a inji da yatsa ɗaya, jikarsa ta zo ta zare waya don ta jona dutsen guga. Anti ta ce ita zuwanta na farko ko kunna injin ba ta iya ba, ta zauna gabansa tana jira ya gaishe ta. Nasiru ya ƙi ba da nasa. Sai Malam ya bayar a madadinsa: wai ya taɓa yi wa Hajiya bayani har ya fusata ya ce mata ba ta da ilimi. Nasiru ya ce ƙarya ne, cewa ya yi ba ta mai da hankali.

Na tambayi Baba me suke samu a wannan wahala, tunda ba sayarwa suke ba. Ya ce, "Kai mi ka samu ga jakinka?" Ya ƙara mini shayi.

Da wuta ta dawo, yaran unguwa suka yi ihu kamar an ga wata. Muka sake ɗora kaset, na yi gyarana cikin numfashi ɗaya. Abin mamaki, Nasiru ne ya maƙale mini har la'asar, zaune kan hannuwansa, yana jefo mini tambaya yana tsaki, har na gano yadda jaki zai yi tsalle in an danna maɓalli, da yadda zai yi kuka in ya faɗa rami. Kukan bai yi kama da na jaki ba, ya fi kama da agwagwa mai mura, amma Nasiru ya ce haka jakan birni ke yi. Aka zuba wasan a kaset biyu. Malam Bala ya sa tsinke ya ɓalle wani ɗan haƙori a gindin kowanne, ya ce, "In babu wanga haƙori, jan maɓalli ba ya dannuwa. Ko sarkin kokawa ba ya hawa bisa." Da ma na san wannan tun farko.

Kawu ya zo ya same ni ina yi wa buta sallama. Sai da muka hau babur ya ce kada in gaya wa inna.

Dawowa ba albasa, buhunan sabulu muka ɗauko, na iso gida ina ƙamshi kamar amarya. Jami'in nan na iyaka ya gane ni, ya ce yaya jaki. Na ce ya warke, ko zai ji? Ya rungume rediyonsa ya ce mu wuce.

Ranar biki aka fito da talabijin ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogonyaro, iyaye suka cika benci. Jaki ya ruga, ya yi tsalle, ya faɗa rami, ya yi kukan agwagwa. Wani tsoho ya ce a ba shi hutu haka nan, dabba ce. Darakta ya ce bari ya gwada sau ɗaya don ya tabbatar ba yaudara. Ya faɗa ramin farko. Ya ce maɓallin ne ke da tauri, ya sake. Sai da mataimakinsa ya raɗa masa cewa ba a raba kyaututtuka ba tukuna, sannan ya tashi.

Bai rufe kulob ba. Ya dai ce daga yau inji zai riƙa kwana a buronsa, wato ofishinsa, saboda tsaro. Yanzu duk Laraba da yamma muna zaune a bakin ƙofarsa, muna jin agwagwa na kuka daga ciki, muna jira ya gama.